Hatimin Ranar Litinin

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Yaya ƙafar? Ɗanki ya ce kin fara takawa har bakin ƙofa ba sanda. Na san halinki, in likita ya ce taku goma, ke sai kin yi talatin, don Allah ki sassauta. Mu nan lafiya lau, maman yara tana gaishe ki da kyau.

Za ki ce me ya hana ni kira a waya. Kunnenki ba ya shiri da waya, sai na yi ta ihu maƙwabta suna saurare, ga shi maganar ba ta ihu ba ce.

Kin san shirin nan na rediyo da lauyoyi ke taruwa ranar Asabar da safe suna musu a kan hukunce-hukuncen da suka fito a mako. Ba ya wuce ni, ina zaune da kofin shayina ina yi musu gyara, maman yara tana cewa ai sai in je su ba ni kujera. Wannan makon sun yi magana a kan wani mai gida da ya cire wa ɗan haya rufi, da wasu ma'aikata da aka sallama ba takarda. Na uku kuwa hukuncin Kotun Ƙoli ne: in an kori ɗaukaka ƙarar mutum don ta makara, sannan aka nuna makarar daga ofishin kotu ta fito, to a dawo da ƙarar komai daɗewa. Suna ta yabo, ni kuwa na ajiye kofin ban ƙarasa shayin ba.

Ranar Litinin sai ga wata matashiyar lauya a tagata ta ofishin magatakardan kotu, rungume da tsohon fayil. Tun kafin ta ajiye na gane shi. Na wani direban babbar mota ne da birki ya tsinke masa a gangare, mutum biyu suka rasu, aka ɗaure shi shekara goma sha biyu. Ya yi bakwai yanzu. Ta ce in duba mata babban littafin karɓar takardu ko akwai abin da zai nuna ranar da takardar ɗaukaka ƙararsa ta shigo. Na ce zan duba. Yaya, ba sai na duba ba.

Shekara talatin da ɗaya ina bayan tagar nan, ba a taɓa ba ni takardar tuhuma ba. Ke kika sa mini Sarkin Tsari tun ina yaro, sunan ya bi ni har ofis, ni kuma ina jin daɗinsa. Akwai wata ɗabi'a da na gada wajen tsohon da ya koya mini aiki: kafin ka tashi, ka murza hatimin kwanan wata zuwa ranar aiki ta gaba, don kada gobe cikin hayaniyar safe ka buga wa takarda ranar jiya. Duk wanda ya zauna kusa da ni na koya masa haka.

Wata Juma'a, shekara bakwai ke nan, babur ɗina yana wajen makanike, ya ce ƙarfe uku zai rufe. Biyu da kwata na murza hatimi zuwa Litinin, na fara tattara kayana. Sai ga wani mutum ya shigo da gudu, gumi sharkaf, da tef ɗin awo rataye a wuyansa. Tela ne, ƙanin direban, daga gidan yari yake da takardar da wansa ya sa wa hannu. Na karɓa, na buga hatimi ban duba ba, na jefa a tire, na ce masa shi ke nan. Bai zo da kwafi na biyu ba, ni ma ban ce ya je ya yi ba. Na kulle taga na tafi.

Da safen Litinin na ga abin da na yi. Gyaran ba wuya: in soke ranar, in rubuta ta gaskiya, in kai wa babban magatakarda ya sa hannu. Sai dai zai tambaye ni me ya sa hatimi ya riga agogo, a watan nan kuma sunana yana cikin na ƙarin girma. Na shigar da takardar a littafi ƙarƙashin Litinin don ta dace da hatimin, na ce wa raina kwana uku ba komai ba ne. Ban ƙirga ba. Kwana talatin doka ta ba direban ya ɗaukaka ƙara, Juma'ar nan ita ce ta talatin.

Aka kori ƙarar. Telan ya yi rantsuwa cewa ranar Juma'a ya kawo, alƙali ya dubi rantsuwarsa ya dubi hatimina, ya rubuta a hukunci cewa mutumin ba abin gaskatawa ba ne. Telan ya zo tagata idonsa ja wur yana roƙona in tuna. Ban ɗaga kai ba, na ce masa ni abin da hatimi ya nuna kawai na sani.

Abin da lauyar ta gaya mini shi ya sa na ɗauki biro. Ta ce telan ne ya nemo ta da ya ji sabon hukuncin. Tun ranar da aka karanta wa mahaifiyarsu abin da alƙali ya rubuta, tsohuwar ta yarda ya tsaya ɗinkin mutane ne ya bar ɗan'uwansa, sannan ya zo ya yi mata ƙarya. Shekara bakwai ba ta amsa gaisuwarsa ba, ba ya shiga ɗakinta, abin da ya aika mata duk sai ya dawo. Lauyar ta ce yana son wansa ya fito, amma abin da ke cinsa shi ne tsohuwar ta san bai yi ƙarya ba kafin ta bar duniya.

Ban taɓa faɗa wa kowa ba sai ke. Ina jin kunya, Yaya, kuma ina jin tsoro. Ki gaishe mini da kowa da kowa.

Ƙaninki,
Sarkin Tsari


Zuwa ga Yayata,

Sallama da gaisuwa irin ta zumunci. Ina fata jikin yana ƙara sauƙi, kuma kina shan maganin a kan lokaci ba sai an yi faɗa ba.

Takardarki ta iso. Layi huɗu kacal, amma ko marin da kika yi mini ranar da na ɓoye sakamakon jarrabawa bai kai su zafi ba. Kin yi gaskiya, ba haka kika raine ni ba.

Na fara samun babban magatakarda. Ya rufe ƙofa, ya cire tabarau, ya ce saura wata huɗu in yi ritaya, me zai kai ni tono abin da ƙasa ta rufe. Ya ce ofishin gaba ɗaya zan ja wa magana, kuma fanshona na iya shiga wani hali. Ba mugu ba ne, tsoro yake ji kamar ni. A gida maman yara ta yi kuka. Washegari da kanta ta ciro mini akwatin da nake tara ƙananan littattafaina na aljihu. Kin san tun ina saurayi nake rubuta abin da na yi kowace rana, kuna yi mini dariya. Ga shi nan da rubutuna: Juma'a, takarda ɗaya daga gidan yari, biyu da rabi, na fita ɗauko babur.

Ranar Laraba na je shagon telan. Yana cikin wani lungu bayan masu sayar da katifa, ɗaki ne ɗan ƙarami, keke biyu, ɗaya an rufe shi da ƙyalle. Na girme shi da kusan shekara ashirin, amma furfurarsa ta fi tawa. Ya gane ni nan take. Na tsaya daga bakin ƙofa na faɗa masa komai, har babur ɗin ban ɓoye ba.

Bai tsayar da keken ba sai da ya kai ƙarshen ɗinkin. Ya yanke zare, ya ninke rigar, ya jawo mini kujera, ya zuba mini ruwa a kofi. Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi. Can ya ce, "Malam, ka san har na fara tunanin ko Litinin ɗin ce na kai? Kowa ya ce Litinin, takarda ta ce Litinin, sai na ce ko kaina ne ya taɓu." Daga nan ya juya fuskarsa bango.

Mahaifiyar tasu tana wajen ƙanwarsu, gida huɗu tsakaninsu da shagon. Kullum ta ƙofar yake wucewa, safe da yamma. Na ce masa ya tashi mu je yanzu-yanzu in gaya mata da bakina. Ya girgiza kai. Ya ce Inna takardar kotu ce ta juya ta, takardar kotu ce kaɗai za ta dawo da ita. In muka je hannu biyu, cewa za ta yi ya ɗauko abokinsa ne ya tsara masa magana. Ya ce mu jira hukunci ya fito, mu je da shi a hannu. Na ga maganar da hankali a ciki, na yarda. Lauyar ma ta ce mako shida ya isa.

Jiya na rubuta takardar rantsuwa na sa hannu a gaban abokan aikina. Wanda na koya wa aiki shi ya karɓa ya buga mata hatimi, bai iya kallona ba. Ki sa ni a addu'a. Yaran suna gaishe ki.

Ƙaninki,
Sarkin Tsari


Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida mutanen gidan duka. Na ji an ce kin je bikin jikarki da ƙafarki, na yi murna ƙwarai. Ki yafe mini shirun da na yi, ba na son in rubuto miki ba labari.

Mako shidan lauya ya zama wata biyar. Zaman farko alƙali ɗaya ya tafi taro, na biyu lauyan gwamnati ya ce ba a ba shi takardu da wuri ba, na uku aka shiga hutun kotu. Shekara talatin ina gaya wa mutane ta taga cewa an ɗage, su dawo wata mai zuwa, ko a jikina. Sai da na zauna a bencin baya kusa da tela, yana murza hularsa a hannu, na san nauyin kalmar.

Ranar da aka kira ni, lauyan gwamnati ya wanke ni tas. Ya tambaye ni takardu nawa na yi wa haka a rayuwata, na ce ita kaɗai na sani. Ya ce in na iya yin shiru shekara bakwai, don me kotu za ta yarda da ni yau. Na ce ga littafina dai. Aka miƙa wa alƙalan suka yi ta juya shi, har inda na rubuta ranar da aka cire mini haƙori sun karanta.

Makon jiya hukunci ya fito. An dawo da ɗaukaka ƙarar, an ba da belin direban kafin a saurare ta. Sannan alƙalin da ya karanta ya ce a goge maganar da aka rubuta a kan tela, domin shaida ta nuna gaskiya ya faɗa tun farko. Telan bai gane ba saboda yaren shari'a, sai da lauyar ta sunkuya ta faɗa masa a kunne. Ya sa ta maimaita sau biyu.

Ranar Asabar lauyoyin rediyo suka ɗauko mu. Ɗaya ya ce wannan ne karon farko da aka yi aiki da hukuncin Kotun Ƙoli, ɗalibai za su daɗe suna karanta shi. Wata ta ce magatakardan ya yi jarumta, wani ya ce jarumtar me, kamata ya yi a gurfanar da shi. Da shi na fi yarda. Sun yi rabin awa a kan ko hukuncin zai shafi shari'ar filaye da ta gado, babu wanda ya ambaci tela ko sau ɗaya. Daga nan suka koma kan wata rigimar kamfanin inshora, na kashe rediyon.

Ni kuma an dakatar da ni, an kafa kwamiti, ritayar ta tsaya sai sun gama. An kuma fitar da sanarwa cewa kada wani ma'aikaci ya sake murza hatimi kafin ranar ta zo. Kada wannan ya dame ki, muna ci muna sha, abin da ya same ni ni na saya da hannuna.

Telan ya karɓi kwafin hukuncin, ya kai an sa masa leda don kada ya yi datti. Ranar Lahadi da hantsi za mu je wajen tsohuwar. Ya ce ƙanwarsa ta gaya masa Inna ta faɗi a banɗaki wata biyu da suka wuce, tun daga nan takan ɗan rikice, amma da safe ta fi zama garau. Ya ɗinka mata riga ruwan toka, ya nuna mini, yana ta tambayata ko ta yi kyau kamar ni na san ɗinki. Rabon da in ga mutum yana murna haka na manta.

Zan rubuto miki da zarar mun dawo. Allah ya ƙara lafiya.

Ƙaninki,
Sarkin Tsari


Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da yaran. Mu ma da sauƙi.

Mun je. Kwana uku ina ɗaukar biro ina ajiyewa.

Ƙanwarsu ce ta tarbe mu a tsakar gida, ta rungume telan tana kuka tana neman gafara, don ita ma ta daɗe da yarda da hatimin. Ta ce in fara shiga ni kaɗai, shi ya tsaya daga bakin ƙofa sai an kira shi. Ɗakin ƙarami ne, gado ɗaya, taga ɗaya, da kwalaben magani a kan kujera. Tsohuwar tana jingine da matashi, ƴar mitsitsiya, idonta tar a kaina. Direban yana zaune a ƙasa yana matsa mata ƙafa, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa da kyau, har ta tambayi iyali. Na ce daga kotu nake. Tana jin kotu ta gyara zama, ta ce yauwa, dama tana neman wanda zai gaya mata yaushe za a sako ɗanta. Na dubi direban. Ya yi mini alama da ido in ƙyale. Daga baya ƙanwar ta gaya mini tun da ya dawo ba ta gane shi ba, ta ɗauka ma'aikacin asibiti ne, kullum godiya take yi masa.

Na faɗa mata komai a hankali, yadda ake yi wa yaro bayani. Na ce ɗanta tela ranar Juma'a ya kawo takarda, a kan lokaci, da gudu ma ya zo. Na ce ni ne na buga ranar da ba ita ba, ni ne na ɓoye. Na ɗaga hukuncin na nuna mata inda alƙali ya wanke shi, na sa yatsanta a kan layin. Tana ta gyaɗa kai. Da na gama ta shafa ledar ta ce takardar ta yi kyau. Na sake daga farko. Na sake na uku, har na ce mata, Inna, ni ne mai laifin, ni za ki yi fushi da shi. Ta kama hannuna ta ce ni yaron kirki ne, tun da na taso takanas na zo gaishe ta, Allah ya yi mini albarka. Yaya, ni ta sa wa albarka.

Ƙanwar ta ga kamar ta sake, sai ta ɗaga labule ta yafito shi. Ya shigo da rigar a ninke a hannu biyu, ya durƙusa daga nesa, ya ce, "Inna, ina kwana." Duk gidan nan babu wanda take ganewa kullum, har ƴar da ke yi mata wanka wani lokaci sai ta tambayi sunanta. Shi kuwa kallo ɗaya ta yi masa. Fuskarta ta ɗaure, ta saki hannuna, ta ce, "Wa ya bar wannan ya shigo mini? Ya bar ɗan'uwansa a kulle ya tsaya ɗinki. Ku fitar da shi."

Direban ya fashe da kuka yana cewa ga shi nan, Inna, ga shi ya fito, ba ta ko dube shi ba. Telan ya ajiye rigar a bakin gado, ya ja da baya ya fita.

Na same shi a waje, tsugune a jikin bango. Na ce masa da mun zo tun ranar da na je shagonsa, lokacin hankalinta yana nan. Ya ce shi ya hana, kada in ɗora wa kaina. Ni na san ba wata biyar ne suka cinye mu ba. Shekara bakwai tana garau, gida huɗu da shagonsa, ni kuma ina bayan taga da littafina a akwati.

Da zan tafi ya riƙe hannun babur ɗina. Ya ce likita ya ce masu irin wannan ciwon wata rana sukan farka garau na ɗan lokaci, ba a san ranar ba. Ya tambaye ni, cikin jin nauyi kamar shi ne mai laifi, ko zan iya dawowa in sake gaya mata, ko Allah zai sa mu dace. Na ce kullum zan zo, ai yanzu ba ni da ofis.

Jiya na koma, yau ma daga can nake. Nakan shiga in durƙusa in faɗa mata daga farko, ta sa mini albarka, shi kuma yana tsaye a bayan labule yana saurare, ba ya shigowa.

Ki yi mana addu'a, shi ya fi ni buƙata. Ki huta lafiya.

Ƙaninki,
Sarkin Tsari